Nasiha ga Matasa Masu Sha'awar Ƙera Katamaran

Katamaran jirgin ruwa ne mai komi biyu, wato gangar jiki biyu dogaye kuma sirara waɗanda ake jerawa gefe da gefe da tazara a tsakaninsu, a haɗe su da manyan azarori, a shimfiɗa dandamali a kai. Jirgi mai komi ɗaya da ke tafiya da ƙyallen iska yana samun daidaituwarsa ne daga dalma ko ƙarfen da ake maƙala masa a can ƙasa, wanda sau da yawa yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin, ko ma ya wuce. Shi kuwa katamaran ba ya ɗaukar wannan kaya, domin faɗinsa ne ke hana shi kifewa, rashin nauyinsa kuma shi ke ba shi gudu. Kusan duk abin da ya kamata matashi mai sha'awar wannan sana'a ya sani daga wannan bambanci ya samo asali, saboda jirgin da amfaninsa ya dogara ga rashin nauyi ba ya yafe wa maginin da ya yi sakaci da sikeli.

Mutanen tsibiran Tekun Fasifik ne suka daɗe da sanin wannan ƙira, da irin waɗannan tagwayen jirage suka kai ga Hawai da sauran tsibirai masu nisa tun ƙarnoni kafin Turawa su leƙa yankin. A shekarar 1976 jirgin Hokule'a, wanda aka yi da siffar jiragen kakanninsu amma da filawud da zaren gilashi, ya tashi daga Hawai ya isa Tahiti ƙarƙashin jagorancin Mau Piailug, ba tare da na'urar nuna hanya ba. A Amurka kuwa Nathanael Herreshoff ya shiga tseren jirage a New York a 1876 da katamaran mai suna Amaryllis, ya bar manyan jirage a baya, abin da bai yi wa masu shirya tseren daɗi ba. Amma mutumin da ya kai wannan jirgi hannun talaka mai zarto da guduma shi ne James Wharram, ɗan Ingila, wanda ya bar ƙasarsa a 1955 cikin Tangaroa, ƙaramin jirgin da tsawonsa bai wuce mita 7 da 'yan kai ba, ya ƙetare Tekun Atlantika zuwa Trinidad tare da Ruth Merseburger da Jutta Schultze-Rohnhof. A can ya gina Rongo mai tsawon mita 12, wanda ya dawo da su daga New York a 1959, daga nan kuma har rasuwarsa a 2021 ya shafe rayuwarsa yana zana jiragen da mutum zai iya haɗawa a bayan gidansa, da yawa daga cikinsu tare da abokiyar aikinsa Hanneke Boon.

Abin da ya fi cancantar matashi ya fara koya shi ne lissafin nauyi, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Jirgi yana nitsewa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, kuma mita ɗaya ta kowace fuska na ruwan teku tana da nauyin kilo 1,025, ta ruwan kogi ko tafki kuma kilo 1,000. Idan aka ɗauki katamaran mai tsawon mita 9 a layin ruwa, wato inda fuskar ruwa ke taɓa jikin jirgi, kowane komi kuma faɗinsa santimita 90, to filin da komayen biyu suka mamaye a kan ruwa bai fi murabba'in mita 11 da ɗoriya ba, tun da gaba da baya a tsuke suke. Ma'anar wannan ita ce duk kilo 115 da aka ƙara yana nitsar da jirgin santimita ɗaya, tan ɗaya kuma ya nitsar da shi kusan santimita 9. Adadin yana iya zama ƙarami a ido, sai dai waɗannan santimitoci daga tazarar da ke tsakanin dandamali da ruwa ake ciro su, kuma idan tazarar ta ragu, raƙuman ruwa sukan riƙa dukan ƙasan dandamalin da ƙarfin da ke girgiza jirgi gaba ɗaya, su hana barci, su sassauta haɗe-haɗe a hankali. Bayan jirgi ma yakan nitse ya riƙa jan ruwa, gudun da aka sha wahala dominsa ya tafi.

Abin mamaki shi ne yawancin nauyin da ke kashe jirgi da kyakkyawar niyya ake ƙara shi. Magini yakan dubi zane ya ga an rubuta filawud mai kaurin milimita 6, zuciyarsa ta raya masa cewa teku ba wurin wasa ba ne, sai ya sayi mai milimita 9. Falle ɗaya na farko, mai tsawon milimita 2,440 da faɗin 1,220, nauyinsa kusan kilo 9 ne idan na itacen okume ne, na biyun kuma ya haura kilo 13, saboda haka a jirgin da ke cin falle 40 an riga an ɗora masa kilo 170 ko fiye tun ba a sa ƙusa ɗaya ba. Daga nan sai a ƙara shafen gam, a ƙara katako a kowace kusurwa, a sa babban tankin ruwa da injin da ya fi wanda aka tsara. Abin da maginin bai lura da shi ba shi ne katamaran mai nauyi ya fi turjiya ga iska, kuma wannan turjiya a kan azarori da jigon da ke riƙe ƙyallen iska da igiyoyinsa take sauka, wato ƙarin da aka yi da sunan ƙarfafawa ya ƙara wa sassan da ba a ƙarfafa ba wahala. Don haka ya kamata matashi ya riƙe littafin nauyi yadda ɗan kasuwa ke riƙe littafin bashi: duk abin da zai shiga jirgi a ɗora shi a sikeli, a rubuta, a kwatanta da adadin mai zane, kuma a kiyaye cewa kaya masu nauyi a tsakiyar jirgi ake ajiye su, domin nauyi a goshi ko a baya yana sa jirgi ya yi ta sunkuyo da ɗagowa a kan raƙuman ruwa. Masu karatu da ke zaune a gaɓar Kogin Neja da tafkin Kainji sun san abin da lodi fiye da ƙima ke jawowa, kuma faɗin katamaran bai zama lasisin maimaita wannan ganganci ba.

Daga nan ne girmama zane ya zama wajibi. Mai zane ya riga ya daidaita abubuwa da yawa da ke cin karo da juna: sirantar komi, wadda a jiragen tafiya takan kasance tsawo ya ninka faɗi sau 8 zuwa 12, faɗin jirgi gaba ɗaya, wanda yakan kusanci rabin tsawonsa, tsayin jigo, da girman ƙyallen iska. Wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu ya taɓa sauran, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai kuma gaskiyar da bai kamata a ɓoye wa mai koyo ba, wato jirgi mai dalma a ƙasa idan iska ta kwantar da shi yakan miƙe da kansa, amma katamaran idan ya kife a kife yake zama, ko da yake galibi ba ya nitsewa tun da babu dalmar da za ta ja shi ƙasa. Ƙarfin turjiyarsa yana kaiwa ƙololuwa ne daidai lokacin da komin da ke ɓangaren iska ya fara barin ruwa, daga nan sai raguwa. Ƙarfin iska a kan ƙyalle kuma ba ya hawa daidai da gudunta: idan gudun iska ya ninka sau biyu, matsin da take yi sau huɗu yake ninkawa. Matashin da ya ƙara wa jigo mita ɗaya don ya burge abokai ya taɓa lissafin da rayukan fasinjojinsa ke rataye a kai. Kuɗin sayen zane daga hannun wanda jiragensa suka riga suka ƙetare teku, kamar Wharram ko Richard Woods, ƙaramin kaso ne na kuɗin aikin, kuma shi ne kason da ya fi kowane arha.

Bayan zane sai kayan gini, kuma hanya ta farko ita ce ta filawud. Filawud katako ne da ake yi da siraran fallaye waɗanda aka feƙe daga gungume, aka jera su yadda jijiyar kowane falle ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, aka manne da gam a cikin matsi da zafi. Wannan gittawa ce ke hana shi tsagewa da kumbura ta fuska ɗaya. Yana da hali guda da mai zane ba ya iya tsallakewa, wato yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya kawai a lokaci guda, shi ya sa jiragen filawud suke da kusurwoyi ko ƙasa mai siffar harafin V a maimakon cikakken zagaye. Na jirgi ya bambanta da na silin da kabad da ake samu a kasuwar 'yan katako, ko da fuskarsu ta yi kama, domin ana yin sa da gam da ba ya narkewa ko a tafasasshen ruwa, fallayen cikinsa ba su da rami ko gurbi, kaurinsu kuma kusan ɗaya ne. Ma'aunin Birtaniya mai lamba BS 1088 shi ne aka fi ambata, amma tambari abu ne mai sauƙin bugawa, kuma araha ba ta ado. Mai hankali yakan yanki guntu ya dubi bakinsa da kyau, ya ƙirga fallayen, ya nemi rami, sa'an nan ya jefa guntun a tukunya ya tafasa na wasu sa'o'i, ya busar, ya sake tafasawa, ya sa wuƙa ya gwada raba fallayen. Idan itacen ne ya yage gam ɗin yana riƙe, an dace. Idan fallayen suka rabu sumul a kan layin gam, to wannan katako ba na ruwa ba ne.

Itacen da masu ƙera jirage marasa nauyi suka fi so daga Afirka yake fitowa. Okume a dazuzzukan Gabon da maƙwabtanta yake tsiro, ba shi da nauyi, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, yana kuma karɓar gam, amma ba shi da juriyar ruɓewa ko kaɗan. Fumfunar da ke cin katako tana samun damar aiki ne idan danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100, kuma ruwan sama da na kogi sun fi ruwan gishiri saurin ruɓar da shi, shi ya sa jirgin filawud ya fi mutuwa daga sama, ta ramin noti da bakin taga da gindin jigo, fiye da ta ƙasan da ke cikin teku.

Maganin wannan rauni shi ne efoksi, gam mai ruwa biyu, wato ruwan gam da sinadarin da ke daskarar da shi, waɗanda ake haɗawa daf da lokacin aiki. 'Yan'uwa Gougeon na garin Bay City a jihar Michigan, waɗanda suka kafa kamfaninsu a 1969, su ne suka yaɗa dabarar rufe katako gaba ɗaya da efoksi, ciki da waje, yadda danshi ba zai samu kafa ba, kuma samfurinsu na WEST System ya zama sananne a duniyar masu gina jirage. Da efoksi ne dabarar ɗinki da manni ta kai ga manyan jirage, dabarar da ƙaramin jirgin Mirror na 1962 ya fito da ita fili: a yanka fallaye bisa zane, a huda bakunansu, a ɗinke su da wayar tagulla har siffar komi ta fito, a cike kusurwa da kwaɓaɓɓen gam mai kauri a shafe shi ya yi lanƙwasa, sa'an nan a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi a kai a jiƙa shi. Inda za a haɗa falle biyu su yi tsawo, akan feƙe bakunansu a karkace yadda tsawon fiƙar zai ninka kaurin katakon sau 8, a manne su baki a kan baki.

Efoksi ba ya bushewa kamar fenti, haɗuwar sinadarai biyu ce ke daskarar da shi, kuma wannan haɗuwa tana bukatar daidai adadin da kamfani ya rubuta, ko kashi 5 da 1 ne, ko 2 da 1, gwargwadon samfuri. Wanda ya ƙara sinadarin daskarewa don aiki ya yi sauri ya samu gam mai rauni, wanda watakila ba zai nuna aibinsa ba sai bayan shekaru, a tsakiyar ruwa. Zafi kuma yana gaggauta shi ƙwarai, har akan ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi, wannan kuwa ya shafi duk mai aiki a ƙasashe masu zafi. Gam da aka bari a kofi mai zurfi yana haifar da zafin kansa, cikin 'yan mintoci sai a ga yana hayaƙi, kofin roba ya narke a hannu, saboda haka akan dama kaɗan-kaɗan, a juye a faffaɗan tire, a yi aiki da sanyin safiya ko da yamma. Shafa gam a kan katako lokacin da rana ke ɗagawa yana sa iskar da ke cikin katakon ta fito ta bar ƙananan huda, don haka lokacin da zafi ya fara sauka ya fi dacewa da shafen farko. Wani lokaci gam da ya daskare yakan fitar da wani maiƙo a fuskarsa, wanda dole a wanke da ruwa kafin a goga sanfefa a ƙara wani shafe. Hasken rana yana cin efoksi idan ba a rufe shi da fenti ba, fenti mai duhu kuma yana tara zafin da ke tausasa shi, shi ya sa farin fenti ya fi yawa a kan waɗannan jirage. Batun lafiya ma ba na wasa ba ne, domin fatar da ta saba taɓa ɗanyen efoksi takan wayi gari da ƙaiƙayi da kumburin da ba ya barin mutum ya sake kusantarsa har abada, kuma safar hannu da takunkumin hana shaƙar ƙura sun fi asibiti sauƙi.

Hanya ta biyu, bayan ta filawud da efoksi, ita ce ta haɗaɗɗun kaya, inda ake sa kumfa mai tauri ko itacen balsa a tsakiya, a lulluɓe fuskokinsa biyu da zaren gilashi da gam. Hikimar ita ce taurin allo yana hawa da kaurinsa cikin sauri ƙwarai, har idan kauri ya ninka sau biyu tauri ya ninka sau takwas, don haka raba fatu biyu masu ƙarfi da abu marar nauyi yana ba da bango mai tauri, wanda kuma ba ya ruɓewa idan kumfa ce a tsakiya. Derek Kelsall na daga cikin waɗanda suka fara nuna amfanin wannan, da jirginsa Toria mai komi uku, wanda ya lashe tseren zagaye Birtaniya a 1966, daga baya kuma ya fito da tsarin haɗa fallayen kumfa a kan shimfiɗaɗɗen tebur kafin a lanƙwasa su. Sai dai wannan hanya tana ɓoye kuskure fiye da katako. Wurin da fata ba ta manne da kumfa ba ido ba ya ganinsa, sai an bi jiki ana ƙwanƙwasawa da kuɗin ƙarfe ana sauraron inda sautin ya canza. Gam da ya yi yawa nauyi ne kawai, domin ƙarfin a zaren yake, kuma aikin hannu mai kyau yakan ba da kusan rabi zare rabi gam, yayin da rufe aikin da leda a zuƙe iskar ciki ke matse shi ya rage gam. Duk inda za a ɗaure noti kuma dole a cire kumfar a sa abu mai tauri a gurbinta, in ba haka ba ɗaurin zai murƙushe ta. Ga mai farawa, musamman inda kumfar jirgi sai an yi odarta daga ƙetare, filawud da efoksi sun fi dacewa, saboda kafinta ya riga ya san rabin aikin, kuma gyaransu yana yiwuwa a kowace gaɓa.

Azarorin haɗi su ne wurin da ba a yarda a yi gwaji ba. Idan goshin komi ɗaya yana kan tudun ruwa, na ɗayan kuma yana cikin kwari, jirgin yana murɗuwa ne, kuma azarorin ne ke shan murɗar, ga kuma jigo da ke danna ta tsakiya. Wharram ya zaɓi ɗaure azarori da igiya, kamar yadda mutanen Fasifik suka yi, don haɗin ya ɗan motsa ya sha bugun, wasu masu zane kuwa sukan narkar da komaye da dandamali su zama jiki ɗaya mai tauri. Kowace hanya tana aiki idan an bi ta har ƙarshe, abin da ke kawo hatsari shi ne gauraya su bisa ra'ayin magini.

Girman jirgin farko ma ya cancanci tunani, domin yawan kaya da kuɗi ba sa hawa daidai da tsawo. Jirgin da aka ƙara wa kashi 10 cikin 100 ta kowace fuska ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku a girman ciki, wanda aka ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kuma ya ninka sau takwas. Komaye suna tashi da wuri su faranta rai, amma su ne ƙaramin ɓangaren aiki, abin da ke cin shekaru shi ne gugar sanfefa, da fenti, da matuƙi, da jigo, da wayoyin lantarki, kuma a wannan mataki ne manyan jirage da yawa suke tsufa ƙarƙashin tamfol ba su taɓa ganin ruwa ba. Ƙaramin jirgi ba abin kunya ba ne: Rory McDougall ya zagaye duniya tsakanin 1991 da 1997 cikin Tiki 21, jirgin filawud da bai kai mita 7 ba. Ya fi kyau matashi ya fara da ɗan kwalekwale na falle biyu ko uku, ya koyi dama gam da ɗinki a kansa, ya manna guntaye ya karya su da guduma don ya ga inda haɗinsa ke gazawa.

Ranar saukar da jirgi ruwa ita ce ranar da littafin nauyi ke fuskantar jarrabawa. Kafin ranar akan zana layukan da mai zane ya ƙayyade, na jirgi babu kaya da na cikakken lodi, a jikin kowane komi, gaba da baya, a tabbata ɗakunan iska da aka toshe a goshi da baya ba sa yoyo, a tanadi rigar ceto ga kowane mutum. Idan jirgi ya zauna a kan layinsa babu kaya, to tazarar da ta rage zuwa layin cikakken lodi ita ce iyakar mutane da ruwan sha da man da zai ɗauka, kuma ya kamata a rubuta wannan adadi a wurin da kowa zai gani. Gwajin farko a ruwa mai natsuwa ake yinsa, da ƙyalle a rage, igiyar sakin ƙyallen kuma a hannun mutum ba a ɗaure ba. Tun da katamaran ba ya karkata sosai ya gargaɗi matuƙinsa kamar jirgi mai komi ɗaya, akan ƙayyade tun a gaɓa gudun iskar da za a rage ƙyalle a kansa, a bi wannan adadi ko da jirgin yana tafiya lafiya. Bayan fitowar farko akan sake duba ɗaurin azarori da igiyoyin jigo, domin sabuwar igiya tana miƙewa, a leƙa kowane ɗaki da tocila a nemi danshi, a kuma bar ƙofofin dubawa a buɗe duk lokacin da jirgi yake a gaɓa don iska ta ratsa.